Ranar da Malam Ainasani Ya Yi wa Laimar Kwaɗi Kwalliya

A layin da ke bayan katangar jami'a akwai wani shago mai koriyar ƙofa, a matse tsakanin mai aski da mai ɗinki. A nan ake buga takardu, a yi kwafi, a gyara hoto, a tsara katin gayyata. In ka tambayi sunan mai shagon na ainihi sai a tsaya ana kallonka, don duk layin da Malam Ainasani aka san shi. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba, ko ta jirgin sama ce ko ta ciwon haƙori, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani." Wallahi ko mafarkinka kake ba shi labari, ya riga ka sani.

A yi masa adalci dai, hannunsa na da kyau a gyaran hoto. Kawo masa fuska duk ƙuraje, ya mayar maka da ita sumul. Akwai angon da ya gyara wa hoto har uwar angon ta riƙe katin tana tambayar wane ne wannan.

Ranar Litinin da hantsi sai ga yayarsa ta shigo, autarta na biye da ita. Auta ba ƙaramar yarinya ba ce, digiri na uku take yi a sashen nazarin halittu. Shekara huɗu ke nan tana bin ruɓaɓɓun itatuwa tana tsintar laimar kwaɗi, har Allah ya haɗa ta da wata 'yar mitsitsiya, ruwan ƙasa, wadda babu mai binciken da ya taɓa ba ta suna. A ido ba ta da bambanci da danginta. Sai an sa ƙwayoyin irinta a madubin ɗakin gwaji sannan a ga wasu 'yan ƙayoyi tsiri-tsiri a jikinsu, alhali na sauran dangin sumul suke. A kan ƙayoyin nan Auta ta rubuta maƙala shafi talatin da biyu, za ta tura wa wata mujallar ƙasar waje da ke kula da sunaye da dangogin irin waɗannan halittu. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma mujallar za ta rufe karɓa, kuma in maƙalar ba ta shiga ba, babu zancen kare digiri bana. Ana cikin haka ta zame a matattakalar ɗakin gwaji, hannun dama ya karye, aka ɗaure shi har gwiwar hannu.

"Ga kawunki nan," in ji Yaya. "Kina da mai kwamfuta a dangi, kin zauna kina fama da hannu ɗaya kina kuka?"

Ba don ranta ya so ba, Auta ta ajiye filas, 'yar na'urar da maƙalar ke ciki, a kan tebur, ta ɗora wasu takardu shida a kai.

"Kawu, waɗannan su ne ƙa'idojin mujallar. Aikin ba shi da yawa, na riga na..."

"Ai na sani."

"Baƙin rubutu a farar takarda, girman harafi sha biyu. Tazara biyu tsakanin layi da layi. Lamba a gefen kowane layi, don masu dubawa su riƙa cewa a gyara layi kaza."

"Ai na sani. Tun ba a haife ki ba nake sa lamba."

"A cire sunana daga ko'ina, don ba a so masu dubawa su san mai rubutun. Hotunan kuma, Kawu, don Allah..."

"Hoto?" Ya kece da dariya, ya buga bango. "Mai aski! Zo ka ji, yau ni ake koya wa hoto!"

"Cewa zan yi kada ka taɓa su, ko kaɗan. Kuma kada ka tura. Laraba zan zo in duba, in tura da kaina."

Da hannun hagu ta buɗe shafin mujallar a kwamfutarsa, ta shiga da sunanta, don ta nuna masa iya nauyin fayil ɗin da suke karɓa. Yaya kuwa na ta azalzalarta wai za su makara ganin likita. Haka ta fita ba ta rufe shafin ba.

Ko kwanar layin ba su sha ba, Malam Ainasani ya ɗauki takardun ƙa'idoji ya fito bakin ƙofa, inda mai aski ke wasa almakashi, mai ɗinki kuma ta fito da kekenta shan iska. Rabin shafin farko ya karanta, ya ja tsaki.

"Kun ga lalaci ko? Farar takarda fayau, ba ko ɗigon ado. Tazara biyu! Ɓarnar takarda kawai. Kuma wai a cire suna. Yarinya ta yi shekara huɗu tana shaƙar ruɓaɓɓen itace, sannan a ce ta ɓoye sunanta sai ka ce sata ta yi?"

"To ko suna da dalili?" in ji mai aski.

"Dalilinsu ɗaya, wani ƙato ne a can zai ɗauke ya sa nasa sunan. Na san irinsu."

Mai ɗinki ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai dai ka yi abin da aka sa ka."

"Ke in an kawo miki yadi mai tsada aka ce ki ɗinka buhu, buhu za ki ɗinka?"

"In buhu mai yadin ke so, har da bakin ɗaurewa zan yi masa."

"Shi ya sa har yau keke ɗaya gare ki."

"Shi ya sa har yau ba a taɓa dawo mini da ɗinki ba."

Ya koma ciki, ya ninke ƙa'idojin gida huɗu, ya tura su ƙarƙashin ƙafar fankar da ta daɗe tana rawa. Fanka ta tsaya cak. Ya ce ko ba komai takardun sun yi amfani.

Daga nan aiki ya kankama. Ya zagaye kowane shafi da jajayen furanni. Ya mayar da kan maganar ruwan zinare, mai inuwa. A shafin farko ya ɗora hoton Auta sanye da rigar kammala digiri, ya rubuta sunanta da haruffa manya-manya, a ƙasa kuma ya ƙara cewa 'yar yayar mai wannan shago ce, ga lambar waya. Ya matse layukan har shafi talatin da biyu suka koma sha tara, ya yi wa kansa kirari. Lambobin gefen layi kuwa ya ce furanni sun cinye wurinsu.

Can ya lura da sunayen Latin, waɗanda ƙa'ida ta ce a rubuta su a karkace, kuma Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karkata.

"Allah sarki, 'yar nan," ya faɗa cikin tausayi. "Karayar hannun har ta shafi rubutun." Ya bi su duka ya miƙar.

Da ya iso jerin manazarta a ƙarshe, ya ga sunaye sun kai sittin, sai ya sake kiran maƙwabta.

"Ku zo ku ga rashin wayo. Mutum sittin ta jera, kowa da shekararsa. Ranar da ta karye, wa ya zo duba ta a cikinsu?"

Mai aski ya leƙo da tawul a kafaɗa. "Ni kuwa na taɓa nuna mata wata laimar a bayan shagona, wajen kwata. Har ta ce na gode."

"To ka ga! Kai ne ma ka cancanta. Wace shekara za a sa maka?"

"Sa shekarar da na buɗe shago."

Mai ɗinki ta ce ita babu ruwanta, kada wanda ya sa ta a shirme. Ta koma ta taka keke sau uku, sai ga ta a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali.

"In dai har za a sa mai aski, ni da na ɗinka mata farar rigar ɗakin gwaji fa? Kuma a samansa za a sa ni."

"A saman wa? Ni na ga laima da idona!"

"Ta kwata ba."

Sai da aka yi rabin awa ana wannan kafin Malam Ainasani ya raba gardama, ya sa ɗaya a farkon jerin, ɗaya a ƙarshe, ya gaya wa kowannensu a ɓoye cewa nasa wurin ya fi daraja.

Hotunan ya bari a ƙarshe, don a nan yake jin kansa. Guda shida ne, duk toka-toka. Ya buɗe na farko, ya ƙara masa girma, sai ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Ƙuraje!"

Ƙwayoyin iri ne birjik, kowace da ƙayoyinta tsiri-tsiri, su ɗin nan da Auta ta ƙare ƙuruciyarta a kansu. Malam Ainasani ya naɗe hannun riga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, yana fito. Ƙwaya ɗari da arba'in ya share tas, ko ɗaya bai tsallake ba, har suka koma sumul. A ƙasan kowane hoto akwai ɗan gajeren layin awo da ke nuna girman abin, ya ce wani mara tarbiyya ne ya ja layi a hoton mutane, ya goge shi. Sannan ya ga tokar ta yi yawa, ya zuba musu ruwan hoda.

Mai ɗinki ta tsaya a bayansa ta riƙe haɓa. "Anya ba haka Allah ya halicce su ba?"

"Kowa ma haka Allah ya halicce shi, amma ya zo nan a gyara shi."

Ranar Talata da safe ya zauna yana kallon aikinsa, shafi bayan shafi, daɗi kamar ya kashe shi. Sai idonsa ya kai kan shafin mujallar da Auta ta bari a buɗe. Ya ce a ransa, don me za a wahalar da mai karaya ta sake zuwa? Bari ya tura, ta zo ta tarar an gama, ta san tana da kawu.

Ya ɗora fayil ɗin. Kwamfuta ta yi tunani, ta fito da jan rubutu: ya yi nauyi.

"Kun gani? Injinsu ƙarami ne, bai saba ɗaukar aiki mai kyau ba."

"Rage furannin mana," in ji mai aski, wanda ya bar wani mutum da rabin aski ya zo kallo.

"In rage me? Ka taɓa rage wa mutum kai don hula ta yi masa kaɗan?"

Ya duba abin da za a iya zubarwa. Akwai wasu jadawali uku cike da lambobin awo, tsawo kaza, faɗi kaza. Ya ce babu mai karanta wannan, ya cire su. Nauyi bai ragu ba. Dole ya rage furannin shafi huɗu, yana yi yana Allah ya isa.

Ya sake ɗorawa. Jan rubutu ya sake fitowa: taƙaitaccen bayanin farko ya wuce kalma ɗari biyu. Dama shi ne ya ƙara masa gaisuwa ga editan mujallar da iyalansa da fatan an tashi lafiya, don ya ga Auta ta faɗa magana kai tsaye ba ko sallama. Ya auna gaisuwar, ya auna sakamakon binciken, ya ga ba a yi wa babban mutum rowar gaisuwa. Ya yanke sakamakon.

Saura wasu 'yan akwatuna biyar da ake dannawa, kowanne da dogon bayani a gefensa.

"Me suka ce?" in ji mai aski.

"Ai na sani. Surutu ne." Ya danna su duka, tak tak tak. Na huɗun cewa yake, marubuciya ta tabbatar ba a sauya komai a hotunan ba.

Koriyar alama ta fito. Malam Ainasani ya yi tsalle ya fito tsakiyar layi yana ɗaga hannu, har mai rabin askin ya taso da kumfa a ƙeya ya ga ko gobara ce.

Bai tsaya nan ba. Kafin azahar ɗin Laraba ya buga ƙaton allon leda mai faɗin ƙofar shago, da hoton ƙwayoyin nan ruwan hoda, da nasa hoton a gefe ya harɗe hannu. Ya aro benci huɗu, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya karɓo lasifikar mai tallan magani. Ya aika wa Yaya cewa ta zo da Auta, akwai albishir. Mutanen layi suka taru, har da ɗaliban da suka zo yin kwafi suka ga zama ya fi.

Wata tsohuwar mota ta tsaya. Yaya ta fito, Auta ta fito idanunta jawur, sai wani ɗan siririn dattijo mai kaurin tabarau, riƙe da takarda ɗaya. Farfesan da ke duba aikin Auta ke nan.

"Kun ga kukan daɗi ko?" in ji Malam Ainasani a lasifika. "Har Farfesa da kansa ya tako. Ranka ya daɗe, amsa ce ta zo?"

"Ta zo da safen nan," in ji Farfesa a hankali. "Malam, mu ɗan shiga ciki."

"Ciki? Haba, ranka ya daɗe! Abin alheri ba a ɓoye shi. Mutanen nan da su aka yi wahala. A karanta kowa ya ji!"

"Na ce mu shiga ciki."

"Wallahi sai a nan." Ya cusa masa lasifikar a hannu.

Yaya ta ce, "Farfesa, karanta masa. Shi ya nema."

Farfesa ya gyara tabarau, yana karantawa yana fassarawa. "Edita ya ce shekararsa ashirin da biyu a wannan aiki, bai taɓa ganin maƙala irin wannan ba."

"Kun ji ko!" Aka ɗauki tafi. Mai aski har da miƙewa.

"Ya ce ya gode da gaisuwa, iyalinsa suna lafiya, amma ya nemi sakamakon binciken bai gani ba. Ya ce babu lambar layi, babu tazara, babu jadawalin awo, ga suna da hoto da lambar wayar wani shago."

Tafin ya fara raguwa. Malam Ainasani ya ce ƙananan abubuwa ne, a ci gaba.

"Ya ce a jerin manazarta akwai mutum biyu, na farko da na ƙarshe, da aka nema a duk ɗakunan karatu ba a samu ko shafi ɗaya da suka taɓa rubutawa ba."

Mai aski ya zauna a hankali. Mai ɗinki ta ce, "Ni dama na ce kada a sa ni."

"Ke kika ce a sa ki a sama!"

"A sama na ce, ban ce a tura ƙasar waje ba!"

Farfesa ya jira suka yi shiru. Muryarsa ta ƙara yin ƙasa, amma lasifika ba ta rufa asiri. "Sauran shi ne babba. Ya ce rubutun na cewa ƙwayoyin suna da ƙayoyi, hotunan kuma sun nuna su sumul, ruwan hoda, babu layin awo. Sun bincika sun ga an goge hotunan da hannu, alhali marubuciya ta danna cewa ba a taɓa su ba. A wurinsu wannan maguɗi ne. In ba a kawo gamsasshen bayani a rubuce kafin ƙarfe huɗu na gobe ba, za su yi watsi da maƙalar, su hana ta bugawa a wurinsu shekara biyar, su kuma rubuto wa jami'a."

Wani ɗalibi ya ajiye kwalbar lemonsa a ƙasa a hankali.

Auta ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. "Kawu, ƙayoyin nan su ne binciken. Ba don su ba, laima ce kawai irin ta kowa. Shekara huɗu na yi kafin in gan su."

"Ai na..." in ji Malam Ainasani.

"Ka me?" in ji Yaya, tana matsowa. "Ƙarasa mana! Ka me?"

"Yaya, wutar lantarki ce. Kin san in ta ɗauke ta dawo, kwamfuta kan..."

"Wutar ce ta zana furanni?"

"To ƙwayar cuta ce ta shiga filas ɗin."

"Ita ta sa lambar wayarka?"

"Mai aski ne ya yi ta zuga ni."

"Ni?" Mai aski ya miƙe. "Ni da na ce ka rage furanni!"

Yaya ta cire takalminta na dama. Mutum mai furfura a gemu, da 'ya'ya biyar, sai ga shi yana zagaya benci yana "Yaya, a gaban mutane? Yaya, girmana!" Allon ledar ma ya ga abin ya ishe shi, igiyar gefe ɗaya ta tsinke, ya faɗo ya rufe masu zaman bencin gaba.

Farfesa ne ya shiga tsakani. Ya ce hotunan asali suna nan a kwamfutar ɗakin gwaji, rubutun asali ma Auta ta taɓa tura masa, duk wannan mai gyaruwa ne. Abin da ba ya gyaruwa shi ne zargin maguɗi. Hanya ɗaya ce: wanda ya yi aikin ya rubuta da kansa cewa shi ya yi, ba da saninta ba, kuma bisa rashin sani. Ya sa hannu, a tura.

"Rashin sani?" in ji Malam Ainasani. "Ni?"

"Kai."

Aka ɗunguma cikin shago. Waɗanda ba su samu wuri ba suka cika taga. Ya zauna gaban kwamfuta, Yaya a bayansa da takalmi a hannu.

"To a ce, sakamakon yawan ƙwarewa..."

"A'a," in ji Farfesa.

"Sakamakon saɓanin fahimta tsakanin manyan masana biyu..."

"A'a."

"A ce wani ma'aikacin shagon ne, mun kore shi."

"Kai kaɗai ne a shagon," in ji mai ɗinki daga taga.

"Wa ya sa da ke?"

Ya juya zai sake kawo wata dabara, sai idonsa ya faɗa kan Auta. Tana tsaye jikin injin kwafi, ta rungume karyayyen hannun da na hagu. Ta daina kukan ma, kallonsa kawai take yi, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Yarinyar nan a kafaɗarsa ya riƙa kai ta makaranta. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya buɗe shagon.

Ya juya ya fara bugawa. Da ya gama, Yaya ta miƙo masa lasifikar.

"Abin alheri ba a ɓoye shi. Karanta."

Ya karɓa, ya share gumi. "Ni ne kawun marubuciya, mai shagon gyaran hoto. Ni na goge ƙayoyin, na ɗauka ƙuraje ne. Ni na danna akwatunan ban karanta ba. Ta ba ni ƙa'idoji shafi shida, rabin shafi na duba. Ta ce kada in taɓa hotunan, na taɓa. Ta ce kada in tura, na tura. Ba ta san komai a kai ba." Sannan ya ƙarasa: "Ni kuma ban san komai game da laimar kwaɗi ba."

"Maimaita na ƙarshen," in ji mai aski. "Na baya ba su ji ba."

Ya maimaita. Wata tsohuwa a taga ta ce Allah ya nuna mata wannan rana.

Daga nan har la'asar Auta ce ke faɗa, Kawu na bugawa kamar ɗan aji ɗaya. Tazara biyu. Lamba a gefe. Sunayen Latin a karkace, ɗaya bayan ɗaya. Jadawali suka koma wurinsu, mai aski da mai ɗinki suka fita daga cikin masana. Duk sanda hannunsa ya nufi wajen launi, sai ya ji takalmin Yaya a kafaɗa. Farfesa ya kawo hotunan asali, toka-toka, da ƙayoyinsu da layin awonsu, ya tsaya a kai har aka saka su. Auta ta karanta akwatunan nan biyar da ƙarfi, ta danna da ɗan yatsan hagu, ta tura tare da wasiƙar.

Ranar Alhamis tun azahar suka dawo shagon suna jira. Biyu ta wuce, uku ta wuce. Malam Ainasani bai ce uffan ba, abin da ya sa mai ɗinki ta leƙo sau biyu ta ga ko lafiya. Ƙarfe huɗu saura kwata wayar Auta ta yi ƙara. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta zauna a kan kwalin takardu ta rufe fuska da hannu ɗaya.

"Sun karɓa, Mama. Sun janye zargin. An tura wa masu dubawa."

Yaya ta yi hamdala ta fi sau goma, ta mayar da takalmin da ta sake cirewa tun zuwansu ƙafa. Kawu ya matso kusa da Auta, ya rage murya yadda na waje ba za su ji ba.

"Sun gan su dai ko? Ƙayoyin?"

"Sun gani, Kawu."

"Duka?"

"Duka." Ta share ido, sai kuma dariya ta ƙwace mata. "Akwai saƙonka ma a ƙasa. Edita ya ce bai taɓa samun wasiƙa mai gaskiya irin taka ba. Yana neman izini ya riƙa nuna wa sababbin marubuta waccan mai furannin, a matsayin misalin duk abin da ba a yi."

Malam Ainasani ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan riga, ya taka zuwa bakin ƙofa.

"Mai aski! Mai ɗinki! Ku fito ku ji! Aikina za a riƙa koyarwa a ƙasar waje!"